Tafiya Mabuɗin Ilmi: Kwana Uku Cikin Duwatsun Abzin

A wannan wata za mu yi magana a kan shirin gajeriyar tafiya ta buɗe ido a mota, daga birnin Agadas zuwa Timiya, wani gari mai lambuna a tsakiyar duwatsun Abzin, a arewacin Jamhuriyar Nijar. Na zaɓi wannan wuri domin ba baƙon wuri ba ne gare mu. Tarihin baka ya ce daga Abzin Gobirawa suka gangaro kudu, ayarin gishiri kuwa ya daɗe yana haɗa ƙasar nan da Kano. Har yau da Hausa za ka yi ciniki a kasuwar Agadas, ko da yake cikin duwatsu harshen Buzaye ne ya fi ƙarfi.

Abin da nake so maigida ya riƙe shi ne, a hamada ba a auna tafiya da kilomita. Da awoyi ake auna ta, da yawan ruwan da ke cikin jarka. Wanda ya duba taswira ya ga kilomita wajen 220 ne kawai daga Agadas zuwa Timiya, zai ce ai wannan tafiyar awa uku ce. Ba haka ba ne. Hanyar ta duwatsu ce da rairayi da kwazazzabai, sau da yawa mota ba ta wuce kilomita 30 a awa. Wuni guda ne cur. Saboda haka kada a haɗa wurare biyar cikin kwana uku. A zaɓi wuri ɗaya, a ba shi rana ɗaya ta zuwa, ɗaya ta zama, ɗaya ta dawowa.

Kwana ukun nan daga Agadas ake fara ƙidaya su. Mai tasowa daga Kano sai ya ƙara kwana biyu na zuwa da biyu na komowa, gama daga Kano zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, daga Damagaram kuma ta Tanut zuwa Agadas wajen 450. A kwana a Agadas a huta, a kai yara su ga hasumiyar babban masallaci, wadda aka gina da laka, tsawonta mita 27. An fara gina masallacin wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844, a 2013 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Da damina kuwa, watau daga Yuli zuwa Satumba, akwai haɗarin da baƙo bai sani ba: ruwa yakan sauka can kan duwatsu inda ba ka gani, sai kawai busasshen rafi ya cika ya taho da gudu. Don haka ko da rani ne, kada a saba kwana a cikin rafi. Uwargida kuma ta tuna da barguna da rigunan sanyi, gama daren hunturu a kan duwatsun nan yakan kusa daskarar da ruwa.

Yanzu ga lissafi irin na aji. A ce ku shida ne, kowa lita 10 a rana domin sha da girki da wanke fuska. Kwana uku ke nan lita 180, watau jarka 9 masu cin lita 20. Mai kuma, a ɗauka zuwa da dawowa da 'yan ratse-ratse kilomita 500 ne, babbar mota a irin wannan hanya a lissafta mata lita 20 a kowace kilomita 100. Lita 100 ke nan, sa'an nan a ƙara sulusi saboda ɓatan hanya ko kafewa. Ƙaramar motar gida ba ta wannan aiki. Sai mai ja da ƙafa huɗu irin Land Cruiser, da tayoyin canji biyu, da jak, da shebur, da igiya, da famfon iska, domin in an shiga rairayi akan rage wa taya iska, in an hau duwatsu a mayar. Motoci biyu suka fi, in ɗaya ta mutu ɗaya ta nemo taimako.

Ba a shiga Abzin ba jagora ɗan ƙasa. Matambayi ba ya ɓata, amma a can kana iya yin awoyi ba ka ga wanda za ka tambaya ba, wayar hannu kuma takan ɗauke da zarar an yi nisa da gari. In mota ta lalace, kowa ya zauna a inuwarta. Masu neman wanda ya ɓace sun fi saurin ganin mota da ganin mutum a ƙasa.

Me za a gani? A hanya za a wuce Elmeki, inda aka yi haƙar kuza. Mutanen Jos za su ga kamar sun san duwatsun, kuma da gaskiyarsu, gama masana sun nuna cewa duwatsun Abzin da na Filato 'yan jeri ɗaya ne. A wannan yanki ne tsaunin Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu mai tsawonta a duk Nijar. Bayan wuni cikin baƙaƙen duwatsu, sai ga Timiya kore shar, da dabino da lemo da rumman, ana ba su ruwa daga rijiyoyi. Kusa da garin akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse zuwa wani tafki, a kan tudu kuma akwai tsohon barikin Faransawa. Arewa da nan akwai kufan Asode, tsohon birnin Abzinawa, ga wanda lokaci ya ba shi dama.

Saura magana mai nauyi, wadda ba zan ɓoye muku ba. Ƙasar nan ta ga tawaye daga 2007 zuwa 2009, har aka binne nakiyoyi a waɗansu hanyoyi na arewa. A 2025 kuma aka sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa. Iyakar Nijeriya da Nijar ma an rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. Saboda haka kafin a sayi ko lita ɗaya ta mai, a tabbatar takardun kowa da na mota sun cika, a tambayi hukuma a Agadas yadda hanya take a wannan mako. In sun ce sai da rakiya, a bi. In sun ce kada a tafi, a tsaya a gari a ga kasuwar raƙuma da maƙeran azurfa, a komo gida lafiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, duwatsu kuwa ba inda za su.

Abu na ƙarshe, maigida ya rubuta hanyar da za a bi da ranar dawowa, ya bar wa wani amintacce a Agadas da wani a gida, ya gaya musu abin da za su yi in ranar ta wuce ba a ji ɗuriyarsu ba. A tashi da asuba, a yada zango kafin faɗuwar rana. In rabin ruwa ya ƙare ba a kai rabin tafiya ba, a juya, ko da yara za su yi kuka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.