Daga Kwaleji Zuwa Jami'a: Tun Ran Gini Ran Zane

  

Makon jiya wata yarinya maƙwabciyarmu ta shigo gidanmu, idonta ya yi ja wur don kuka. Ta zauna jarrabawar shiga jami'a, makinta bai kai ba. Babanta ya ce ta tafi kwalejin horon malamai. Ita kuwa gani ta ke yi an tura ta makarantar waɗanda suka faɗi ke nan, ita da digiri sai dai ta gan shi a hannun wasu. Na ba ta ruwa ta sha, na ce ta zauna mu yi magana. Abin da na gaya mata shi zan gaya muku yau, gama na san akwai irinta da yawa. Akwai kuma matan aure da suka gama kwaleji, suka naɗe takardarsu suka sa a ƙasan akwati, suna tsammani ƙofar ilmi ta rufe musu.

Zan fara ɗauko muku labari daga nesa, watau Amurka, domin mutanen can sun daɗe suna bin wannan hanya mai hawa biyu. Sun ga amfaninta, sun kuma ga inda ta ke kayar da mutum. Sa'an nan mu komo gida.

A Amurka akwai wasu makarantu na shekara biyu waɗanda za mu iya kira kwalejin gari, don kusan ko wane yanki yana da tasa, ɗalibi kuwa daga gidansu ya ke zuwa ya koma. Wadda ta fi daɗewa cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet, kusa da Shikago, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai 6 kacal. Shugaban Jami'ar Shikago na lokacin, William Rainey Harper, yana cikin waɗanda suka kawo shawarar. Nufinsa shi ne yaro ya yi shekara biyun farko na karatun jami'a kusa da gida, sa'an nan ya wuce babbar makaranta ya ƙarasa biyun da suka rage. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawara a yawaita irin waɗannan makarantu, suka kuwa bazu. Yau jihar Kalifoniya kaɗai tana da fiye da 110.

Abu uku ke jan mutane zuwa gare su. Na ɗaya, galibinsu ba su korar kowa, muddin mutum ya gama sakandare. Na biyu, araha. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, kuɗin makaranta a kwalejin gari wajen dala 4,000 ne a shekara ga ɗan yankin, na jami'ar gwamnati kuwa ya haura dala 11,000 ga ɗan jihar. Na uku, akwai ajin dare, mai aiki da mai goyo duk suna samun zuwa. Mata ma sun fi maza yawa a cikinsu.

Kada wata ta ce ai makarantar marasa ƙoƙari ce. Akwai wata mace, Eileen Collins, 'yar talakawa ce daga jihar Niyok. Ta fara a kwalejin garin Corning ta gama a 1976, ta wuce Jami'ar Syracuse ta sami digiri a 1978. Ita ce mace ta farko da ta tuƙa kumbon Amurka zuwa sararin samaniya a 1995, a 1999 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci irin wannan tafiya. Kun ji inda ƙaramar ƙofa ta kai wata.

Amma fa ba zan ɓoye muku ɗacin maganar ba. Cikin ɗalibai 100 da ke shiga kwalejin gari, wajen 80 suna cewa digiri su ke nufi. Wajen sulusi ne ke ƙetarawa zuwa jami'a. Wani rahoto na 2024 kuwa ya nuna 16 kaɗai cikin 100 ke riƙe digiri a hannu bayan shekara shida. To, ina sauran suka maƙale?

Rashin kuɗi da hidimar gida suna ciki. Amma akwai wani rami da mutum ba ya ganinsa sai ya faɗa. Karatunsu aunawa a ke yi kamar hatsi. Ko wane darasi yana da awonsa, wanda a ke kira yunit. Takardar shekara biyu yunit 60 ce, digiri kuwa 120. Sa'ad da ɗaliba ta kawo 60 ɗinta jami'a, sai a zauna a tankaɗe su ɗaya ɗaya. Wannan darasi bai yi daidai da namu ba, a zubar. Wancan na koyon sana'a ne, ba ya cikin lissafin digiri, a zubar. Wannan mun karɓa, amma ba ya cikin fannin da ki ka zaɓa, sai ki sake wani. A 2017 ofishin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati domin majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoto cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009, ko wace iri ce, sun yi hasarar kimanin kashi 43 cikin 100 na yunit ɗinsu. Ku duba fa. Kamar mace ce ta kai mudu goma inji, aka dawo mata da garin mudu shida. Kuɗi ya tafi, shekara ta tafi, zuciya ta karye.

Da wasu jihohi suka ga haka sai suka nemi magani. Fulorida ta yi yarjejeniya tun 1971, cewa wanda ya gama takardar shekara biyu ta share fagen digiri yana da gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar. Suka kuma sa wa darussa lamba iri ɗaya a makarantun gwamnati duka, don kada a yi gardama. Kalifoniya ta yi doka a 2010 ta kafa wata takarda ta musamman domin masu ƙetarawa, wadda ke ba mai ita tabbacin gurbi a rukunin jami'o'in jihar da a ke kira CSU, ko da ya ke ba lalle ne ya zama reshen da ya fi so ba. Duk da haka, wadda ta ci moriyar waɗannan dokoki ita ce wadda ta san da su tun ranar da ta shiga kwaleji, ta zaɓi darussanta a kansu. Wadda ta bari sai ta gama kafin ta tambaya, ita ce ke kuka.

To, mu komo gida. Mu ma a Nijeriya muna da hanyarmu mai kama da wannan. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ban da jarrabawar da kowa ya sani, tana da wata ƙofa ta shiga kai tsaye, wadda ɗalibai ke kira DE. Mai takardar malanta ta NCE, da mai difloma ta ƙasa daga kwalejin kimiyya da fasaha, da wanda ya yi IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke shiryawa, duk suna iya nema. Wadda aka ɗauka ba ta fara daga aji ɗaya, aji biyu ta ke shiga, watau karatun shekara huɗu ta gama shi cikin uku.

Gaskiya hanyar ta fi tsawo. NCE shekara uku ce, a ƙara uku na jami'a, shida ke nan, alhali wadda ta shiga tun farko huɗu za ta yi. Amma hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ga kuma riba: bayan shekara uku kina da takardar da za ki koyar da ita, gama NCE ita ce mafi ƙarancin takardar da gwamnati ta yarda a yi malanta da ita. Ko aure ya zo, ko kuɗi ya yanke, ba ki tashi hannu banza ba.

Sai dai ramin nan na Amurka mu ma muna da irinsa. Da idona na gani. Sa'ad da mu ke kwaleji akwai wata ƙawata da mu ke ɗaki ɗaya, ta fi mu duka ƙoƙari. Muka gama, ta je neman DE, sai aka ce ba ta da kiredit a lissafi tun na sakandare. Shekara uku tana zaune da wannan giɓi, ba wanda ya gaya mata, ita ma ba ta tambaya ba. Tilas ta koma ta sake zama jarrabawa tare da ƙannenta, shekara guda ta wuce ta a banza. Da ta sani tun tana aji ɗaya, da ta gyara abinta cikin hutu.

Saboda haka ga shawarata, ku riƙe ta da kyau.

Na farko, tun makon da ki ka shiga kwaleji ki san digirin da ki ke nufi da jami'ar da ki ke so. Ki nemi littafin ƙa'idodi na JAMB, yana nan a intanet, ki karanta abin da wannan jami'a ke bukata a wannan fanni. Ƙa'idar wata ba ita ce ta wata ba.

Na biyu, ki duba sakamakonki na sakandare. Galibi a kan nemi kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. In akwai giɓi ki cike shi yanzu.

Na uku, ki lura da darussan da ki ka haɗa. Wadda ta yi Hausa da nazarin addinin Musulunci a NCE, kada ta sa rai za a ɗauke ta aji biyu a fannin kimiyya. Inda ki ka shuka nan za ki girbe.

Na huɗu, kada ki ce ai in dai na haye shi ke nan. Guraben DE kaɗan ne, masu nema da yawa, sakamako mai kyau shi ke raba gardama.

Na biyar, ki adana takardunki kamar yadda ki ke adana zinariyarki. Sunanki da ranar haihuwarki su zama iri ɗaya a ko wace takarda, har da katin ɗan ƙasa, don JAMB ba ta rajista sai da lambarsa. Ki kuma nemi takardar sakamakon darussanki daga kwaleji da wuri, ba ta fitowa rana ɗaya.

Ku kuma 'yan'uwana matan aure masu NCE a akwati, ku fito da ita ku kakkaɓe. Akwai jami'o'in da ke yi wa malamai karatun dogon hutu, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da a ke karatunta daga gida, wasu kwalejojin ilmi kuma suna ba da digiri da haɗin gwiwar jami'a. Ki zauna da maigida cikin ladabi, lokacin da ransa ya ke sanyi, ki nuna masa lissafin kuɗi da na lokaci, da wanda zai kula da yara ranar da ki ke aji. Maganar da aka zo da ita a shirye ta fi saurin shiga.

Iyayenmu mata, in 'yarku ta sami kwaleji kada ku bari 'yan gulma su sa ta raina ta. Ku tambaye ta ina ta nufa bayan nan, gama matambayi ba ya ɓata.

Yarinyar nan maƙwabciyarmu ta share hawayenta. Jiya ta kawo mini sakamakonta muka duba tare, kiredit ɗinta shida, har da lissafi. Ta ce za ta karɓi gurbin kwalejin, ta kuma rubuta sunan jami'ar da ta ke so a bangon littafinta. Allah ya cika mata burinta, mu ma ya cika mana namu, amin.

Wadda ke da tambaya a kan wannan ta rubuto ta hannun Edita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.