RA'AYINMU: MOTAR DA BA TA BUKATAR HANYA

Wani sabon wasa ya fito a duniya, kuma mun ga ya kamata mutanen Basirka da Gwaram da Birnin Kudu su ji labarinsa, domin ko da ya ke a nesa a ke yinsa, akwai inda ya taɓa mu.

Kamfanonin da ke ƙera manyan motocin nan masu tsada, waɗanda mu ke kira jif, sun lura da cewa yawancin masu sayensu ba su taɓa sauke su daga kan kwalta ba. Mota ce wadda aka ƙera don ta hau tudu, ta keta rafi, ta ratsa rairayi, amma mai ita daga gida sai ofis, daga ofis sai wurin biki. Sai kamfanonin suka tsiro da wata dabara. A kan sa rana, a gayyaci masu motocin zuwa hamada ko wani jeji da aka keɓe, a ba su malamai, su yini suna koyon tuƙi a inda babu hanya. Da yamma a ci abinci, a ɗauki hotuna, kowa ya koma gida yana ba da labarin jarumtarsa. A 2021 kamfanin Ford na Amurka ya buɗe irin waɗannan filaye a jihohin Texas da Nevada da Utah domin waɗanda suka sayi motarsa mai suna Bronco, kuma abin dariya, da motar kamfani a ke yin wasan, ta maigida tana ajiye, ko ƙwarzane ba za ta samu ba. Kamfanin Land Rover ya daɗe da irin nasa filayen a Ingila da wasu ƙasashe. Lamborghini na Italiya kuwa, da ya fito da jif ɗinsa mai suna Urus a 2017, har wani maɓalli na musamman ya tanada domin tafiya a cikin rairayi. A Dubai hawan tudun rairayi da mota ya zama sana'a sosai, kuma ba mu bukatar shaida a kan cewa attajiranmu da 'ya'yansu suna zuwa, gama su da kansu su ke liƙa hotunan a Facebook.

To, mene ne a ke koya musu? A kan ce su rage iskar taya don ta baje a kan yashi, kada ta nutse. A kan ce su sa giyar da za ta ja ƙafafun motar duka huɗu. In za a hau tudu a fuskance shi sosai, kada a bi shi ta gefe, don kada motar ta kife. In ta fara kafewa a ɗaga ƙafa daga totur, domin ƙara wuta ba ya ƙara kome sai zurfin rami. Bayan duk wannan, ga wata mota tana biye da su da igiya da shebur da ruwan sanyi, ko da wani zai kafe.

Da muka karanta wannan darasi sai muka yi murmushi. Ashe abin da tsofaffin direbobin lori na ƙasar nan suka sani tun zamanin dakon gyaɗa, shi ne yau a ke sayar wa masu kuɗi! Duk karen motar da ya taɓa bin hanyar kasuwannin ƙauye ya san a sace wa taya iska, ya san a shimfiɗa zana ko rassan itace a ƙarƙashinta, ya san a sauke fasinja su tura. Sunan jiharmu ma, wadda aka ƙirƙira ran 27 ga Agusta 1991, ai daga tudun rairayi aka samo shi. Mu ba baƙin yashi ba ne. Sai dai direbanmu yana shiga yashin ne da buhunan riɗi da gero da awaki da mata masu goyo, in ya kafe babu motar da ke biye da shi, kuma ba wanda zai ba shi takardar shaida da yamma.

Kada a ce muna hassada. Mutumin da ya sami kuɗinsa ta hanyar halal yana da ikon ya yi wasa da shi, kamar yadda mai doki ke yin sukuwa ranar salla. Amma mu a wannan yanki na Afirka mun taɓa ganin wasan mota a hamada da idonmu, mun kuwa san wanda ya biya kuɗinsa.

Ran 26 ga Disamba 1978 aka tashi daga birnin Paris na Faransa a tseren farko na motoci da babura zuwa Dakar ta ƙasar Senegal. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya shirya shi, bayan shi kansa ya ɓata a hamada a kan babur a 1977. Tseren ya ratsa ta Agadas da Yamai, watau ta ƙasar 'yan'uwanmu na Nijar, kuma shekara da shekaru yana komowa. Motoci su kan keta ƙauyuka da gudu a kan hanyoyin da yara da jakai da mata masu ɗaukar ruwa su ke bi. A 1988 wata mota ta kashe yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na ƙasar Mali. A 2006 an kashe yara maza biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Ba a fasa tseren sabo da su ba. Shi Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ran 14 ga Janairu 1986, duniya duka ta ji sunansa. A 1982 da Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta lokacin, ya ɓata kwana 6 a hamadar Aljeriya, jiragen sama aka tayar nemansa har aka same shi. Yaran ƙauye kuwa, layi biyu ko uku suka samu a jarida. Tseren bai bar Afirka ba sai a 2008, sa'ad da aka soke shi sabo da tsoron harin 'yan bindiga, bayan an kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido a Muritaniya. Watau ran da haɗarin ya juyo kan masu wasan, ran nan aka naɗe tabarma. Aka kai shi Amurka ta Kudu a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020.

Wannan shi ne na nesa. Yanzu bari mu komo gida, inda jif ɗin nan ba ta tsaya a wasa ba, ta shiga mulki.

A 2023, 'yan watanni kaɗan bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, aka yanke shawarar saya wa 'yan Majalisar Tarayya sababbin jif, wakilai 360 da sanatoci 109. Jaridu sun ba da labari cewa kowace ɗaya ta kai wajen Naira miliyan 160. A lokacin nan mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne a wata. Duk yaron da ya iya raba lissafi zai gaya muku cewa masinja ko mai gadi sai ya yi aiki fiye da shekara 440, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin mota guda. Da jama'a suka yi kuka, hujjar da aka kawo daga cikin Majalisar ita ce wai hanyoyin ƙasar ba su da kyau, ƙaramar mota ba za ta jure ba.

Jama'a, ku sake karanta hujjar nan. Mutanen da aka zaɓa, aka damƙa musu kasafin kuɗin ƙasa don su sa a gyara hanya, su ne suka ce hanya ta lalace, sabo da haka a saya musu motar da ba ta bukatar hanya. Ga alama ba su gane cewa sun tona asirin kansu ba.

Abin da ya fi damunmu a nan ba kuɗin motar kaɗai ba ne, ko da ya ke kuɗin ba kaɗan ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Muddin shugaba yana bin hanya ɗaya da talaka, a cikin irin mota ɗaya, ramin da ya girgiza talaka zai girgiza shi, sai ya koma ofis da ciwon baya da fushi, ya kira injiniya. Amma in aka sa shi a cikin motar da aka ƙera musamman don ta shanye rami, gilashi a rufe, sanyi yana busawa, to, an raba shi da labarin hanyar. Zai wuce ta kan kwalbatin da ya tsage bai ji kome ba. In ruwa ya yanke hanya direbansa ya sauka gefe ya bi ta gonar wani, ya hau can gaba. Da ya isa sai ya ce ai hanya lafiya lau, mutanen ƙauye ne da yawan ƙorafi. Abin da Bature ke biya don ya ɗanɗana yini guda a Nevada, shugabanmu yana samunsa kyauta kowace damina, da kuɗin talakawa, a kan hanyar da talakawan ke mutuwa.

Ba da wasa muka ce mutuwa ba. Babu mutumin wannan yanki da ya manta da watan Agustan 2021, sa'ad da ruwan sama ya cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. Motar fasinja da ta taso daga Kano za ta Adamawa ta zo ta afka, mutum 21 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Ba su fito neman nishaɗi ba, ba wanda ya koya musu yadda a ke fuskantar tudu, kuma ba wanda ya tsaya gabansu da jar tuta ya ce gada ta tafi. Duk gyaran da aka yi bayan wannan rana bai komo da ko ɗayansu ba. Talaka kuma bai damu ba ko hanyar ta Tarayya ce ko ta jiha, domin haraji duka biyun ya ke biya.

Wannan babbar hanya ke nan, wadda jaridu ke iya gani. Na ƙauyuka fa? A ofishinmu na Basirka mun saba jin kukan, har mun haddace shi. Mace mai naƙuda a kan amalanke, ana neman a kai ta asibiti. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa da araha a bakin gona, don babu motar da za ta yarda ta shigo. Ɗan acaɓa da ya ninka kuɗi da damina, ba don mugunta ba, don ya san rabin tafiyar tura babur zai yi.

Za a ce mana, to, ai akwai aikin da ba ya yiwuwa sai da irin motar nan. Mun yarda. Malamin asibiti mai kai allurar rigakafi ƙauye yana bukatarta. Malamin gona da mai duba makarantu da mai ɗaukar marar lafiya suna bukatarta. Amma ku je ku duba wa ke da ita. Malamin rigakafi yana kan babur da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya, jif kuwa tana Abuja a inuwa ana goge ta, a birnin da ya fi ko'ina kwalta a ƙasar nan.

Sabo da haka ga abin da mu ke nema. Kada a ƙara sayen motar alfarma da kuɗin jama'a domin wani zaɓaɓɓe, a Tarayya ko a jiha. Wanda ke sha'awarta ya saya da albashinsa, ai ba ƙarami ba ne. Jif ɗin da gwamnati za ta saya a rubuta mata sunan asibiti ko ofishin gona a jiki da manyan baƙaƙe, ta kwana a Gwaram ko Birnin Kudu, inda aikinta ya ke. Kafin kowace damina injiniyoyi su bi gadoji da kwalbatoci ɗaya bayan ɗaya, a buga abin da suka gani a fili, da Hausa, a liƙa a tashar mota. In ruwa ya yanke hanya da dare, a sami wanda aikinsa ne ya tare ta kafin asuba, a san sunan ofishinsa, don in bai yi ba a san wanda za a tambaya.

Akwai kuma abin da mu ke hange. Ƙasar nan tana da tudun rairayi masu ban sha'awa, kamar na Yusufari a Jihar Yobe, kuma mun riga mun ga yadda 'ya'yan manya ke juya motoci a titunan birane ranar ɗaurin aure, jama'a suna tsalle gefe. Ran da wani mai kuɗi zai ce zai kawo wasan hamada nan gida da sunan yawon buɗe ido, ba za mu ce a hana shi ba. Amma sai an fara tambayar mutanen wurin, ba hakimi kaɗai ba. Sai an keɓe filin nesa da gona da burtali da rijiya da hanyar makaranta, domin tayar mota tana kashe ɗan ciyawar da ke riƙe da yashi, yashin da ya kwance kuwa gonar talaka ya ke zuwa ya binne. Sai kuma an rubuta tun da fari wanda zai biya diyya in an taka akuya, balle ɗan mutum. Mutanen Kita ba wanda ya tambaye su.

A ƙarshe muna da gayyata ga wakilanmu na Abuja da na Dutse, tun da mun ji masu jif suna son yini guda na gwada ƙarfi a inda babu hanya. Ba sai sun sayi tikitin Dubai ba. Su zo Birnin Kudu a tsakiyar watan Agusta, su ajiye motarsu a tasha, su biya kuɗin mota kamar kowa, su shiga ta haya zuwa Basirka, daga nan su hau acaɓa mu kai su ƙauyukan da suka ba su ƙuri'a. Kuɗin acaɓan mu za mu biya.

Ku kuma shugabannin rassa, kowane ɗayanku ya zaga yankinsa, ya rubuta kowane kwalbati da ya tsage da kowace gada da ruwa ya fara ci ta ƙasa, da sunan ƙauyen da ke kusa, ya kawo takardar ofis kafin ruwan farko ya sauka. Za mu buga su duka a wannan shafi, mu aika wa kowane wakili nasa kwafi.