Kwana Arba'in na Farkon Damana

Ɗan uwa manomi, kai da ke Ɗan Isa ko Madarumfa, Magarya ko Matamai, Ƙonni ko Gaya, ka fi kowa sanin cewa ba ranar girbi ake cika rumbu ba. Tun kwana arba'in na farko bayan shibka ake gane gonar da za ta ciyar da gida da wadda za ta tura samari bida. Abin da ya kuɓuce a waɗannan kwanaki, ruwan Agusta ba ya maido shi.

Mu fara da abin da ke hannunka. Kada yayyafin farko ya ruɗe ka ka zuba iri. Tona ƙasa ka gani: in laima ba ta kai zurfin tafin hannu ba, dakata. Irin da ya tsiro rana ta ƙone shi asara biyu ce, ga kuɗin iri ga kwanakin da suka tafi.

Masara ba ta jure kishiya. Ciyawar da ka bari cikin mako shida na farko ita ke shanye ruwa da takin da ka saya da guminka. Yi noman fari kafin mako biyu ya wuce, ka rage tsiro ya zama biyu a rami. Takin NPK lokacin shibka ake sa shi, ko cikin mako biyu bayan tsiro. Yuriya kuwa sai masara ta kai wata ɗaya zuwa mako shida, a tona gefe a rufe, ƙasa da laima. Wanda ya watsa ta bisa busasshiyar ƙasa, iska ya ciyar. Ka kuma riƙa zagaya gona da sassafe kana leƙa zuciyar masara. Tsutsar nan da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016 can take ɓuya, kuma tana ƙarama ake cin ƙarfinta.

Kaɗa tana tashi a hankali, shi ya sa ciyawa ke saurin rufe ta. Wajen mako uku da tsiro, rage ta zuwa biyu a rami. Tausayin tsiro ba ya kawo auduga, sai dogon kara.

Gujiya ba ta neman yuriya kamar masara, takin sufa ta fi so. Nome ta da wuri, ka yi maimai kafin ta gama fure, domin daga furen ne take sako jijiyar da ke shiga ƙasa ta yi ƴaƴa. Da ta fara haka, ajiye hauya, ka cire ciyawa da hannu.

In kuɗin buhu bai samu ba, kada ka ce ka haƙura da taki. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun gwada sa ɗan taki kaɗan cikin kowane ramin hatsi, kamar giram 6 na NPK, wato cikin marfin kwalbar lemo. Tiya kaɗan a kan lokaci ta fi buhu bayan lokaci.

To, nan ne maganar ta wuce gona ta zo ga masu mulki. Duk wannan aiki da lokaci yake tafiya, kuma damana ba ta jiran sa hannun kowa a biro. Takin tallafi da ya iso ƙauye masara ta riga ta fitar da kai, ihu ne bayan hari. Manomi ya riga ya ci bashi wurin ɗan kasuwa, zai biya da hatsi lokacin kaka, sa'ad da farashi ya faɗi ƙasa. Mu na bakin iyaka kuwa ƙaddararmu ta rataya ga canjin naira da sefa, da kasuwannin Jibiya, Mai'aduwa da Illela. Sa'ad da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, kowa ya ga haɗarin jingina abincin gidansa ga ƙofar da makullinta ke hannun wani.

Matsayinmu a fili yake. Taki da ingantaccen iri su sauka a kowace komin kafin ƙarshen watan Mayu. A sayar da su da tiya, ba da buhu kaɗai ba, don mai ƙaramin ƙarfi da macen da ke noma gamanarta su samu. A karanta sunayen masu cin tallafi a bainar jama'a, ba tare da duba katin jam'iyya ba. Malamin gona kuma a ba shi babur da mai, a gan shi bakin kunya a watan Yuni, ba ranar bikin baƙi kawai ba.

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya shigo garinku da kiɗa da atamfa, har da namu, ka tare shi da tambaya uku: wane wata taki zai iso, ina za a ajiye shi, wa zai riƙe lissafi? In ya kauce, ka san amsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka shibka, haka mai neman ƙuri'arka.

Allah Ya ba mu damana mai albarka.