Kwamfuta A Yau: In Rumbu Ya Ce Ya Cika

Manomin citta na Kwoi ba ya zuba irin baɗi a wuri guda. Haka ya kamata masu shagunan buga takardu na Kafanchan su yi, tun da su ne ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ke damƙa wa ayyukansu na kammala karatu. Lalle ne su riƙa ajiye kwafin dukan abin da ke cikin kwamfuta a wani faifai dabam.

Amma sau da yawa in an soma aikin, sai Windows ta cije, ta nuna lamba 0x80780119, watau wuri bai isa ba. Mai shago ya duba faifan ajiya, ya ga fili birjik, sai ya yi tsaki ya watsar. Nan fa kuskure yake.

Galibi ba babban rumbun ne ya cika ba. A Windows 7, wadda ta fito cikin 2009, akan keɓe wani ɓoyayyen sashe mai megabait 100 don tayar da na'ura. Duk sashen da bai kai megabait 500 ba kuwa, tilas ya kasance da sararin megabait 50 kafin kwafi ya yiwu.

To, maganin shi ne a fara kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri, sa'an nan a sami gwani ya faɗaɗa sashen. A share tsofaffin kwafi, a bar na baya-bayan nan, a kuma tabbata faifan ajiya yana bisa tsarin NTFS.

Ran da kwamfuta ta ƙi tashi, "yi haƙuri" ba za ta mayar wa ɗalibi wahalar shekara guda ba. Rigakafi dai ya fi magani.