Tsohuwar Rediyo da Gajeren Zango: Kafin a Ɗora Mata Laifi

A gidajenmu na Adjamé da Treichville har yau ba a rasa babban akwatin rediyo na katako, Philips ko Grundig ko Telefunken, irin mai kwalabe a ciki wanda masu gyara a nan suke kira poste à lampes. Wasu gadon kakanni ne, waɗanda fataucin goro da shanu ya kawo su wannan ƙasa, kuma ta cikin irinsa suka riƙa jin Hausar gida tun lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa ranar 13 ga Maris, 1957. Kukan da dattawanmu suke yawan kawowa iri ɗaya ne: akwatin yana kamawa, tashoshin matsakaicin zango suna ɗan fitowa, amma in aka danna maɓallin OC, wato gajeren zango, ba a jin komai sai shuuu. Daga nan sai yara su ce ta mutu, a saya wa Baba waya. A ganinmu sau da yawa akwatin lafiyarsa lau, abin da ke kewaye da shi ne ya sauya.

A fara tambaya ko tashar da ake nema tana nan. Rediyon Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015, kuma a watan Maris na 2025 umarnin gwamnatin Amurka ya sa Muryar Amurka ta yi shiru, har da sashen Hausa da aka buɗe a 1979. Waɗanda suka rage kuwa suna sauya mitocinsu sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Wanda ya yi alama da biro a kan gilashin akwatinsa shekara 20 da ta wuce zai yi ta murɗawa a banza. A kuma tuna agogon Abidjan daidai yake da GMT, na Najeriya da Nijar kuwa ya riga namu da awa ɗaya; shirin ƙarfe 7 agogon Kano, ƙarfe 6 ne a wurinmu.

Gajeren zango sama yake tafiya, ya bugi wani sashe na sararin samaniya da hasken rana ke sarrafawa, sa'an nan ya faɗo ƙasa mai nisa. Saboda haka da rana a nema a mita 19 da 16, da asuba da dare kuma a mita 31, 41 da 49. Muryar da take dushewa tana dawowa kamar igiyar ruwa, wannan halin sararin ne, babu mai gyaran da zai hana shi.

Babban abokin gabar tsohuwar rediyo a yau yana cikin ɗakunanmu. Lokacin da aka ƙera waɗannan akwatuna babu cajar waya, babu ƙwan fitila na LED, babu inbatar sola, babu talabijin mai faifayi. Kowane ɗaya daga cikinsu, musamman masu araha, yana fitar da wata ƙara da kunne ba ya ji amma rediyo tana ji, kuma a gidan haya mai ɗaki 15, inda kowace ƙofa take da caja uku, ƙarar kan binne muryar da ta yi tafiyar dubban kilomita. Gane wannan ba wuya. A kunna akwatin, a riƙa cire kayan wuta ɗaya bayan ɗaya ana saurare. In da ƙaramar rediyo mai batir, a sa ta a gajeren zango a zaga gida da ita. Inda ƙugin ya fi ƙarfi, nan mai laifin yake. In kuwa a ɗakin maƙwabci ne, to sai lallashi, domin haƙƙin maƙwabtaka ya fi labarun duniya nauyi.

Sai batun eriya. Sandar da ke cikin akwatin ta dogon zango da matsakaici ce kawai. Gajeren zango waya yake bukata, a soke ta a ramin da ke baya inda aka rubuta A ko Antenne. Wayar tagulla mai tsawon mita 10 zuwa 15 ta isa, a fitar da ita ta taga, a ɗaga ta sama, kada ta taɓa kwanon rufi. Kada a kuskura a ratsa ta sama ko ƙarƙashin wayar lantarki, ko da kuwa can ne kaɗai sarari. Da hadari ya haɗo, musamman daga Mayu zuwa Yuli, a zare ta daga akwatin.

In duk an yi wannan babu sauyi, sa'an nan za a zargi akwatin. Laimar Abidjan da iskar gishiri ta bakin lagun suna sa maɓallan sauya zango yin tsatsa, kuma gajeren zango ne kan fara tafiya. Wani lokaci cire fulogi a danna maɓallan sau 30 ko 40 kan dawo da shi. Haka nan kwalbar da ke karɓar tasha, ECH81 a yawancin akwatunan Turai, idan ta tsufa takan ci gaba da aiki a matsakaicin zango alhali ta gaza a gajere, kuma sauya ta kaɗai yakan wadatar. Kondensa na takarda da suka haura shekara 60 su ma suna yoyo. Guda ɗaya da ke gaban kwalbar EL84 tana iya ƙona tiransifomar lasifika, wadda samun irinta ya fi samun kwalba wahala. Akwatin da yake ƙugi ko warin ƙuna, a kashe shi nan take.

Wannan aiki ba na gida ba ne. A cikin akwatin akwai wuta mai ƙarfin bolt 250 ko fiye, wadda kondensa kan riƙe ko bayan an cire fulogi. Akwai kuma irin da Faransawa ke kira tous courants, masu kwalabe da sunansu ya fara da U, waɗanda ƙarfen jikinsu kan ɗauki wutar gida kai tsaye. Murfin baya in ya ɓalle ko hannun murɗawa ya cire, a nisanta yara da shi har a gyara. A duba ma maɓallin zaɓin wuta yana kan 220, don wasu akwatunan suna da 110.

Black Market na Adjamé cike yake da gwanayen waya, amma ba su ne masu wannan aiki ba. A cigita tsohon mai gyara da ya koyi sana'a a zamanin kwalabe. Kafin a bar masa akwatin, a roƙe shi kada ya murɗa ƙananan sukurorin da ke cikin gwangwanayen alminiyon sai in yana da na'urar daidaita su, domin su aka saita tun daga masana'anta, kuma in suka goce, ko sabuwar kwalba ba za ta dawo da tashar ba. A kuma ce ya mayar da tsofaffin kayan da ya cire a cikin leda.