Hoton Da Ba Suna Baƙo Ne A Gidansu

'Yan uwa fatake, yau maganar tsofaffin hotunan da ke ƙasan akwati za mu yi.

A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana. Iyalai suka watse daga zangon Kumasi da Nima: hoto ya tafi Kano, wanda ya san mai fuskar ya tsaya Accra. Masu sanin nan yau sun haura saba'in, kullum kuma raguwa suke yi.

To, kada ka jira. Ɗauki hoton da waya, gaba da baya, don hatimin mai hoto yakan nuna garin. Tura wa Gwaggo ko Kawu ta WhatsApp, su amsa da murya. Abin da suka faɗa, rubuta shi a baya da fensir. Biro yana ɓata hoto.

Baƙin fim ɗin da ake wanke hoto da shi kuwa, kada a zubar. Riƙe shi ta gefe, ɗaga shi a haske, fuskoki za su fito. Ajiye shi a ambulan, ban da leda, tana tara danshi.

In tsohuwa ta rasu, da sunayen take tafiya. Allah ya jiƙan magabata.