Abin da Soja Ya Kasa Faɗa da Baki



Akwai wani soja a unguwarmu da ya dawo daga Arewa maso Gabas. Kafin ya tafi, shi ne sarkin surutu a majalisarmu. Yanzu sai ya zo ya zauna a gefen tabarma, a sha shayi, a yi gardamar ƙwallo, bai ce uffan ba. Tayar mota ta taɓa fashewa a titi, muka ga yadda jikinsa ya ɗauki rawa. Ni kuma da zumuɗin sabon marubuci, wata rana na ce masa, "Yaya, ka ba ni labarin daji mana in rubuta." Ya dube ni ya ce, "Wanne daga ciki?" Ya sa takalminsa ya tafi.

Na daɗe ina jin kunyar wannan tambaya tawa. Ita ce ta sa na shiga karance-karance a kan tsofaffin sojojin wasu ƙasashe da suka koma zane bayan yaƙi. Ra'ayin da na fito da shi shi ne, mu marubuta mun cika yarda da ƙarfin kalma fiye da kima. Akwai abin da mutum ya gani wanda hannunsa zai riga bakinsa fitar da shi.

Ku ɗauki Horace Pippin, baƙar fata ɗan Amurka da aka haifa a 1888. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa cikin runduna ta 369, wadda ta ƙunshi baƙaƙen fata. A 1918 aka harbe shi a kafaɗar dama, hannun ya raunana har ƙarshen rayuwarsa. Da ya koma gida, ya rubuta labarin yaƙin a cikin littattafan rubutu, har da 'yan zane-zane a ciki, amma hakan bai ishe shi ba. Sai ya fara sa ƙarfe a wuta yana ƙona hoto a jikin katako. Daga baya ya koma fenti, yana tallafe hannun dama da na hagu yana jan buroshi a hankali.

Zanensa na farko da fentin mai ya fara shi a 1930, bai gama ba sai 1933. Shekara uku a kan hoto ɗaya, kuma ba wani babba ba ne. Sunan da ya ba shi na nufin ƙarshen yaƙi da kama hanyar gida, amma in ka kalle shi ba za ka ga murna ba. Waya ce mai ƙaya, da hayaƙi, da jiragen sama na faɗowa, da sojojin Jamus na ɗaga hannu, fuskokin kowa a daskare. Hatta katakon da ya kewaye hoton ya cika shi da siffofin gurneti da bindigogi da hulunan kwano. Hoton yana gidan adana zane na birnin Filadelfiya har yau. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin lokacin: yaƙi ya ƙare a 1918, amma sai da aka shekara goma sha biyu kafin ya iya fuskantar wannan rana da fenti. Ni kuma ina so maƙwabcina ya ba ni nasa tsakanin kofin shayi biyu.

A zamaninmu ma abin bai tsaya ba. A 2007, a jihar Vermont ta Amurka, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Iraƙi mai suna Drew Cameron da abokinsa mai sana'ar yin takarda, Drew Matott, suka fara wani shiri mai suna Combat Paper. Soja zai kawo kakinsa, ya sa almakashi ya yayyanka shi da hannunsa, a jiƙa, a niƙa har ya zama kamar kunu, a shanya ya bushe ya koma takarda. A kan takardar ce zai yi zane ko rubutu, ko ya bar ta fara. Ba wanda yake tilasta masa yin bayani. Suna zaune tare suna yankan kaki, hira takan ɓalle da kanta, wani lokaci kuma ba ta ɓallewa. A asibitin sojoji na Walter Reed kuma, masu jinya ta hanyar zane suna ba sojojin da suka samu rauni a ƙwaƙwalwa farar fuskar takarda su yi mata ado yadda suke ji a ciki. Wasu sukan raba fuskar gida biyu, wasu su toshe bakin.

Na san wani zai ce, mu a nan zanen mai rai akwai magana a kansa. Gaskiya ne, kuma ba ni zan yanke wannan hukunci ba, akwai malamai. Sai dai yankan kaki a mai da shi takarda ba shi da alaƙa da surar kowa. Muna da zayyana, muna da rini, muna da saƙa da ɗinkin hula da aikin fata. Abin nema shi ne hannu ya samu aikin da zai yi a natse, mutum ya ga abin da ke damunsa ya fita daga ƙirjinsa ya koma gabansa, inda zai iya kallonsa, ya ajiye, ya sake ɗauka gobe.

Wani kuma zai ce wannan ai abin Turawa ne, namu sojojin suna da tawakkali. Wannan maganar ce ba na so. Kakanninmu da suka yi yaƙin Bama sun dawo, aka kira su mazan jiya, aka yi musu kirari, amma nawa ne daga cikinsu aka tambaya abin da suke gani a mafarki? Tun 2009 ake gwabzawa a Borno da Yobe, yanzu ga dajin Zamfara da Katsina. Masu dawowa suna cikinmu, a kasuwa da masallaci da tashar mota. Tawakkali bai hana zazzaɓi ba, bai kuma hana firgici. Kada kuma a ɗauka ina cewa buroshi zai maye gurbin likita. Wanda ba ya barci, ko yake dukan iyalinsa, ko ya faɗa shaye-shaye, asibiti yake buƙata kafin komai.

To mu ina ruwanmu? Ku duba sojan da ke cikin littattafanmu. Ko dai kyakkyawan kyaftin ne mai tsada da budurwa ke mutuwa a kansa, ko kuma mugu mai marin mutane a shingen hanya. In an yi sa'a ya je yaƙi, sai ya dawo a babi na gaba ya zauna a falo ya zayyana wa matarsa komai tiryan-tiryan, shafi uku ba numfashi. Ban taɓa ganin wanda ya dawo daga daji yana magana haka ba. Wanda na sani yana zaɓar wurin zama inda bayansa ke jingine da bango. Ba ya cin nama gasasshe yanzu, bai kuma faɗa wa kowa dalili ba. Irin wannan ya kamata mu iya sa wa a takarda, mu bar mai karatu ya ji nauyin abin da ba a faɗa ba, kamar yadda Pippin ya bar fuskokin nan a daskare bai rubuta bayani a ƙasansu ba.

Maƙwabcin nawa har yanzu yana zuwa majalisa. Ban sake tambayarsa ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zauna har bayan isha'i yana gyara wa wani yaro motar langa-langa, ya lanƙwasa wayar ya warware ta kusan sau goma kafin ya miƙa masa.